MURYAR ARO

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi, sai a bar ni in sha kununa. Ke kuma Maman Jannat da kika rantse za ki fice daga zauren nan in Musbahu ya sha kunya, ajiye mayafinki tukuna.

*

La'asar sakaliya Musbahu ya shigo gidansu na Sara, ledar ɗinkin amarya a hammata. Tun daga tashar Birnin Kudu bakinsa ke motsi, har wani dattijo da ke gefensa a mota ya ce masa, "Malam, a sa mu a addu'a." Bawan Allah bai san ba wuridi ake yi ba.

Tsakar gida ba masaka tsinke. Masu daka na daka, masu suya na suya, don gobe Asabar za a ɗaura auren ƙanwarsa Munawwara. Ya gaisa da mutane da ka kamar yadda ya saba, don tun yana yaro i'ina ta koya masa tattalin magana. Ya wuce kai tsaye ɗakin mahaifinsa.

Malam Iliyasu na jingine da filo biyu. Shekara talatin da biyar yana sanƙiranci, da wuya ka sami auren da aka ɗaura a Sara da kewaye ba da muryarsa aka sanar wa jama'a ba. Yau wata uku ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, ko "ruwa" bai ƙara cewa ba. A asibiti an yi iya yi, an ce saura gashi da haƙuri.

Ga kuma alƙawarin da ya yi wa Munawwara tun tana firamare, cewa ranar aurenta ba bakin da zai sanar sai na gidan nan. Baffa Hambali, ƙanin Malam, har ya yi magana da wani sanƙira a Gwaram mai suna Ɗanladi, sai Musbahu ya ce a bar masa, shi zai yi. Ba wanda ya yi dariya a gabansa, amma ya san an yi bayan ya fita.

"Tela, ka iso?" in ji Inna A'i, tana goge wa Malam kunun da ya zubo masa a gemu. Ba ta taɓa kama sunan Musbahu ba, ɗan fari ne.

"Na i-iso, Inna. Ba-baba, sannu da jiki."

Malam ya lumshe ido ya buɗe.

Munawwara ta faɗo ɗakin, hannuwa a ɗage saboda lalle. "Yaya, ɗinkina! Wallahi na ɗauka ka manta."

"Zau-zauna tukuna. Zan nu-nuna muku wani abu."

Ya tura ƙofa. Ya gyara tsayuwa, ya ɗan karkata hula, ya kai hannu bayan kunne. Sai ya rufe ido ya ja numfashi.

"Jama'a, salati ga Annabi! Na kusa ya ji da kunnensa, na nesa a kai masa labari! Alƙawari ya cika, Allah ya yi, mutum bai isa ya hana ba!"

Ko gargada babu. Muryar Malam Iliyasu ce sak, da amonta, da jan da yake yi wa ƙarshen magana, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya ce Fatiha. A waje taɓarya ta tsaya cak.

Munawwara ta manta da lallen ta toshe baki. "Innalillahi! Yaya, ya aka yi?"

Musbahu ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba. Ya ciro waya ya nuna mata bidiyon bukukuwan mutane da ya bi ya tattaro, duk wanda Baba ya yi sanarwa a ciki. Mako uku yana shago yana taka keke yana bin muryar, ƙarar keken na rufa masa asiri.

"In na za-zama shi, harshena ba ya ma-maƙalewa. Gobe ba wanda zai yi ma-mana dariya."

Ƙarar faɗuwar kofi ce ta katse shi. Malam ne ya kaɗe shi da hannunsa na hagu, kunu ya malale a kan tabarma. Ya juyar da fuska bango, ƙirjinsa na hawa yana sauka.

Murmushin Musbahu ya gushe.

"Munawwara, je ki, masu lalle na jiranki," in ji Inna.

"Amma Inna..."

"Na ce je ki."

Ta fita tana waige. Musbahu ya durƙusa ya ɗauki kofin, ya rasa inda zai ajiye shi. Abin da ya shekara goma sha biyar yana haɗiyewa ne ya taso masa, ya ƙi komawa.

"Inna, ki faɗa min. Me zan yi in bu-burge shi? Da na yi ma-magana da bakina, sai ya tashi ya bar wurin. Yanzu na yi da na-nasa, ya juya min baya."

"Tela..."

"Bai ta-taɓa tafiya da ni taro ba. Ko sau ɗaya! Ƴaƴan ma-maƙwabta yake ɗauka su riƙe masa jaka. Ina shekara sha biyu ya kai ni Birnin Kudu ko-koyon ɗinki, don kada a gan ni. Na san ku-kunyata yake ji. Na sani tuntuni."

Hawaye ya zubo masa, bai ma damu ya share ba.

Inna ta juya ga mijinta, ta yi magana a hankali kamar mai lallashin jariri.

"Malam, zan faɗa masa. In ba ka yarda ba, ɗaga hannunka."

Su biyun suka zuba wa hannun hagun ido. Yatsun suka ɗan motsa a kan zanen gado, suka kwanta. Hannun bai tashi ba.

"Zauna," in ji Inna. "Ka taɓa jin ubanka ya yi doguwar hira a cikin gidan nan?"

Musbahu ya yi tunani. "A'a."

"Me yake cewa in ya shigo?"

"Sa-sannunku. Kawo ruwa. Ma-madalla."

"Kuna cewa miskili ne. To ba miskilanci ba ne. Ranar da ya fara zuwa zance wurina a rugarmu, sai da na gama tatsar shanu biyu bai gama sallama ba. Taka i'inar wasa ce a kan tasa."

Musbahu ya ɗago da sauri. "Ba-baba?"

"Shi fa. Yayyena har suna suka sa masa. Da abin ya ishe shi sai ya tafi Gwaram ya bi wani sanƙira, marigayi Malam Yunusa, yana riƙe masa buta. Can ya gano abin da ka gano. In ya kwaikwayi ubangidansa, harshe sai ya saki. Muryar nan da ka kwana kana koyo ba ta ubanka ba ce, ta Malam Yunusa ce. Har tarin nan nasa ne, shi ciwon ƙirji gare shi."

Ni kaina mai ba ku labarin, da na zo nan sai da na ajiye wayar na yi tagumi.

"Duniya ta san shi da ita, mun ci mun sha da ita, alhamdulillahi," Inna ta ci gaba. "Amma ka san abin da ya ce min ranar sunan Munawwara? Ya dawo daga ƙofar gida ana ta yaba masa, ya zauna a bakin gadon nan ya ce, 'A'i, ƴata aka raɗa wa suna, amma mamaci ne ya sanar.' Ya yi kuka ranar, ni kaɗai na gani."

"To me ya sa ya-yake guduna?"

"Ranar da ka fara magana ya ji ka maƙale, kwana uku bai ci abincin kirki ba. Cewa yake shi ya shafa maka. In kana magana ba kunyarka yake ji ba, kansa yake ji a bakinka, sai ya kasa zama. Ɗinkin ma da ya kai ka, cewa ya yi gara ka ci abinci da hannunka, kada ka ƙare a rigar wani kamar shi. Ban ce ya yi daidai ba. Na sha faɗa masa yaro ba ya gane irin wannan son."

Musbahu ya matsa bakin gadon da gwiwoyinsa. Malam bai juyo ba, amma hawaye na bin gefen idonsa yana shiga kunne. Musbahu ya sa bakin rigarsa ya share masa. Rabon da ya taɓa fuskar mahaifinsa har ya manta.

"To ya zan yi, Inna? Da ba-bakina, sai rana ta faɗi ban gama ba."

"Sai ta faɗi mana. Angon guduwa zai yi?"

Dariya ta kuɓuce masa cikin kukan.

"Kayan aro ba ya rufe katara, Tela. Ni dai na faɗa maka abin da na sani. Bakinka ne, kai ka san da wanda za ka fita."

*

Ƙarfe goma na safiyar Asabar ƙofar gidan ta cika. An shimfiɗa tabarmi har bakin hanya, dangin ango sun zo daga Wurno mota biyu. Aka ɗauko Malam Iliyasu aka zaunar a kujerar roba a inuwar zaure, bayan Liman, an sa masa farar babbar riga. Ya rame ƙwarai, mutane da yawa ba su ma lura da shi ba.

Baffa Hambali ya ja Musbahu gefe.

"Kai, ka tabbata? Ga Ɗanladi nan na ce ya zo ko da za a buƙata. Baƙi gare mu, kada a koma da mu a baki."

"Zan i-iya, Baffa."

"Ka ji tun yanzu ma!" Baffa ya girgiza kai ya koma ya zauna.

Aka nema aka bayar, Liman ya ɗaura aure, aka shafa. Sai aka miƙo wa Musbahu makirfo. Ya miƙe. An ɗaure lasifika a saman zaure tana kallon cikin gida, ya san Inna da Munawwara na bayan katangar nan sun kasa kunne.

Da niyyar yin magana da bakinsa ya fito, Allah ya sani. Amma da ya ga idanu sun fi ɗari a kansa, harshensa ya maƙale.

"Ja... ja... ja..."

Wani saurayi a baya ya ce, "Ja mu je mana!" Aka ƙyalƙyale.

Gumi ya karyo masa. Bai san lokacin da hannunsa ya tafi bayan kunne ba, idanunsa suka rufe.

"Jama'a, salati ga Annabi! Na kusa ya ji da kunnensa, na nesa a kai masa labari!"

Wurin ya yi tsit, sannan ya kaure da salati. Masu dariya suka saki baki. Daɗi ya ratsa Musbahu tun daga ka har ƙafa, don tunda yake ba a taɓa sauraronsa haka ba. Ya ƙara ɗaga murya, ya ja ƙarshen magana, ya yi ɗan tarin.

Wani tsoho cikin baƙin Wurno ya share ido da hannun riga, ya ɗaga murya.

"Allahu Akbar! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Allah ya jiƙan Iliya sanƙira, ya tafi ya bar baya!"

"Amin!" in ji na kusa da shi.

"Au, ya rasu? Yaushe?"

"Allah ya gafarta masa."

Amin ɗin ta bi sahu-sahu tana tafiya har bakin hanya. Ƴan gari na ƙoƙarin gyarawa, hayaniya ta hana a ji su.

Musbahu ya buɗe ido ya waiga zaure. Mahaifinsa na zaune da ransa, yana jin ana yi masa addu'ar mamata a ƙofar gidansa, ranar auren ƴarsa, ba shi da bakin cewa ga ni. Ya sunkuyar da kai yana kallon hannunsa da ya mutu.

Wani abu ya soki Musbahu a ƙirji. Ya sauke hannu daga kunne. Ya gyara hularsa ta zauna daidai.

"Ku... ku da-dakata."

Muryar siririya ce, tana rawa, ba ta da amo ko kaɗan. Tasa ce.

"Ba-babana bai mutu ba. Ga shi ca-can a zaune."

Kawuna suka juya. Tsohon Wurno ya miƙe tsaye yana salati, ya dafe kai. "Subhanallahi! Malam, ka yafe ni!"

"Ba lai-laifinka ba ne, Baba. Nawa ne. Ni na ɗau-ɗauki muryarsa ban tambaye shi ba."

Ya ga bai faɗi ba, kuma ƙasa ba ta tsage ba.

"Sunana Mu-musbahu. Tela ne ni. Ina da i-i'ina, kun dai ji. Tun ina yaro nake ɓu-ɓuya da ita. Yau na gaji."

Ba wanda ya yi tari.

"Ba-babana ya yi wa ƴarsa alƙawari. Ciwo ya ka-karɓe bakinsa. Nawa ne ya rage a gidan, haka yake, ba-babu wani. Wanda ke sauri ya yi ha-haƙuri. Ƙanwar tawa ɗaya ce, ba zan ƙa-ƙara tsare ku ba."

Aka yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Liman ya gyara zama ya ce, "Muna nan, ɗana. Ba inda za mu."

Musbahu ya ji numfashinsa ya sauka har ciki. Ya fara, kalma bayan kalma, yana tuntuɓe yana tashi. Ya ce a yi salati, aka yi. Ya ce an ɗaura aure bisa sunna, sadaki lakadan, shaidu sun shaida. In ya maƙale sai ya tsaya ya kalli mutane a ido, su ma su jira shi. Saurayin da ya yi masa ba'a ya sunkuyar da kai yana wasa da tsinke.

"An ɗau-ɗaura auren Abdulnasir Ahmad Wu-wurno, da amaryarsa..."

Ya tsaya.

"Da amaryarsa Mu... Mu..."

Sunan da ya fi kowane suna kira a duniya, shi ne ya ƙi fita. Leɓɓansa suka manne. Jijiyar wuyansa ta tashi, idanunsa suka yi ja.

"Mmm... Mu..."

Shirun ya yi tsawo. Wani jariri ya yi kuka a cikin gida aka rarrashe shi, har yanzu sunan bai fito ba. Ya san in ya kai hannu bayan kunne sau ɗaya, zai fita kamar ruwa. Ya damƙe hannun a jikin rigarsa ya hana shi tashi.

Baffa Hambali ya ƙyafta wa Ɗanladi ido. Ɗanladi ya taso a hankali, ba da mugunta ba, tausayi ne fal fuskarsa.

"Ƙanena, ka yi ƙoƙari wallahi. Kawo in ƙarasa maka."

Musbahu ya girgiza kai, ya riƙe makirfon da ƙarfi.

"Musbahu, ya isa haka!" in ji Baffa, ya miƙe. "Rana na yi, mutane na da uzuri. Ba shi!"

Ɗanladi ya ɗora hannu a kan makirfon.

Sai aka ji wani sauti daga zaure, mai kauri, a karkace, kamar ana jan tsohuwar ƙofa.

"Ku..."

Liman ya waiga a firgice.

"Ku... bar... shi."

Ɗanladi ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Baffa ya koma ya zauna bai sani ba. Malam Iliyasu ne, wanda wata uku ba a ji ko tarinsa da ƙarfi ba. Ya ɗago kai, yawu na bin gefen bakinsa, idanunsa ƙyam a kan ɗansa. Wannan karon bai kau da fuska ba.

Hawaye ya wanke wa Musbahu fuska. Ya kai makirfon baki, yana kallon mahaifinsa shi kaɗai.

"Mu... Mu... Munawwara! Munawwara Iliyasu, ƴar Ba-babana!"

Guɗa ta tashi daga cikin gida, wata na bin wata, a cikinsu har da muryar da bai taɓa jin ta yi guɗa ba, ta Inna. Maza suka ɗauki kabbara. Tsohon Wurno kuka yake wiwi ba kunya.

Kowa na kallon Musbahu, shi ya sa ba wanda ya ga abin da ke faruwa a zaure sai shi.

Malam Iliyasu ya dafa hannun kujera da hagunsa, ya yunƙura. Ƙafafun kujerar suka fara buɗewa. Ya tashi a kan ƙafa ɗaya yana tangaɗi, ba kowa a kusa da shi. Ya saki kujerar, ya miƙo hannun yana nuna makirfon.

"Ba... ni."